Yadda Za Mu Haɗa Matashin Saƙar Leshi da Soso Mai Araha

Jawabin da masu koyar da sana'ar hannu suka gabatar a zauren mata. An buga shi a nan domin waɗanda ba su samu halarta ba.

Mun san wasu sun baro layin ruwa, wasu sun baro tukunya a kan murhu, saboda haka ba za mu ja zance ba.

Maganarmu ta yau a kan abu ɗaya ce, wato matashin da ake saƙar leshi a kansa. Na kanti yana da tsada, kuma ba a samunsa a kasuwannin da ke kusa da mu. Amma mace za ta iya haɗa nata a yini ɗaya da soson da 'yan kasuwa ke zubarwa, da kwali, da ƙyallen tsohon bargo. Za mu faɗi irin soson da ya dace da wanda bai dace ba, da yadda ake haɗawa, da yadda za mu kare yaranmu da matsugunanmu daga haɗarinsa.

Wace irin saƙa ce wannan?

Idan aka ce leshi, abin da ke fara zuwa mana a rai shi ne yadin da ake ɗinkawa don biki ko salla. Wancan inji ne ke yinsa. Tun shekarun 1960 masana'antun garin Lustenau na ƙasar Ostiriya ke sayar wa 'yan kasuwar Najeriya irinsa, yanzu kuma mai yawa daga ƙasar Sin yake fitowa. Wanda muke koyarwa na hannu ne, kuma yawanci siriri ake yinsa, a ɗinka a bakin mayafi, ko wuyan rigar jariri, ko gefen zanen gado.

Ga yadda ake yinsa. Ana naɗe zare a jikin 'yan sanduna masu kama da kwarkwaron masaƙa, mu ma kwarkwaro za mu riƙa kiransu. A shimfiɗa takardar zane a kan matashi, a kafa fil, a rataya zaren a jikinsa, sannan a riƙa sarƙa zarurrukan da juna kamar mai kitso. Motsi biyu ne kawai, gittawa da murɗawa. Duk inda zane ya nuna, sai a soka fil ya riƙe zaren a wurin har saƙar ta zauna.

Sana'ar ta samo asali ne a Turai cikin ƙarni na 16, a Italiya da yankin Filandas, wanda yawancinsa ke cikin Beljiyam a yau. A 1557 har an buga littafin zane-zanenta a birnin Venis. Akwai abu biyu a tarihinta da suka shafe mu. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, sojojin Jamus sun mamaye Beljiyam, hanyoyin kasuwa suka toshe, zare ya yanke wa mata masu saƙa. Hukumar agajin da Herbert Hoover ya jagoranta, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ta samu izinin shigar musu da zare da fitar da leshinsu a sayar a waje. Mata kusan 50,000 suka ci gaba da aiki ta wannan hanya suna ciyar da gidajensu. Na biyu, a arewa maso gabashin Barazil, matan masunta suna cusa busasshen ganyen ayaba ko ciyawa a matashinsu, su yi amfani da ƙayar wani tsiron daji a madadin fil. Ke nan tun da can mata suna yin wannan saƙa da abin da ke kusa da hannunsu.

Me ya sa matashin ke da muhimmanci?

Fil ne ke riƙe siffar saƙar, matashi kuma shi ke riƙe fil. Kowane lokaci mai saƙa tana jan zare don ya tsuke. Idan matashin mai laushi ne, fil zai karkata ya bi zaren, ramukan saƙar su fito wani babba wani ƙarami, gefen ya karkace. Aikin mako guda zai iya lalacewa a haka, kuma ba mai saye. Don haka duk da sunansa matashi, ba irin na kwanciya ba ne. Ana son sa da tauri, yadda idan aka danna shi da babban yatsa ba zai lotsa ba.

Irin soson da za a nema

Soson katifa da na kujera bai dace ba ko kaɗan, domin ya yi laushi da yawa. Muna roƙo kada kowa ya yanka katifa ko tabarmar kwanciyar da aka raba wa iyalinsa. Za a yi asarar shimfiɗa, matashin kuma ba zai yi aiki ba.

Na farko da za a iya amfani da shi shi ne farin soson nan mara nauyi mai ƙwaya-ƙwaya, wanda ake tokare talabijin ko firiji da shi a cikin kwali. Shi ya fi sauƙin samu, kuma yana riƙe fil. Aibinsa shi ne ramin da fil ya yi ba ya rufewa, saboda haka bayan 'yan watanni tsakiyarsa kan ruɓuɓɓushe, sai an juya shi ko an canza. Ga mai koyo ya wadatar.

Na biyu shi ne allon soso mai launin shuɗi ko ruwan hoda da magina ke sakawa a bango ko rufi don tare zafi. Jikinsa a haɗe yake, babu ƙwaya-ƙwaya, kuma ya fi farin ƙarko.

Na uku, wanda ya fi su duka, shi ne soso mai danƙo da ake samu a kwalin kwamfuta, ko batirin sola, ko injuna. Alamarsa ita ce idan aka lanƙwasa shi ba ya karyewa, jikinsa da santsi kamar kyandir, kuma ba ya zubar da gari. Idan aka cire fil raminsa yakan koma ya tsuke, shi ya sa yake daɗewa. Idan falle-falle ne sirara, a jera su wani kan wani har su yi kauri.

Kafin a ɗauko kowane soso a gwada shi. A soka fil har rabinsa, a ɗan karkata shi baya, a zagaya zare a jikinsa a ja da ƙarfi daidai. Idan fil ya tsaya cak, soson ya yi. Idan ya kwanta ko ya fita, a bar shi.

Wurin nema shi ne shagunan masu sayar da kayan lantarki da na sola, da wuraren gini. Su shara ce a wurinsu, amma a tambaya kafin a ɗauka. A tafi a ƙungiya, da rana, da takardar izinin fita idan ana buƙatarta. Kada a aika yara bola su tono. Kada a taɓa kome daga sharar asibiti, kuma akwatin sanyaya allurar rigakafi ba na ɗauka ba ne, ko da an gan shi a ajiye kamar ba a amfani da shi.

Sauran kayan haɗi

Kwali mai kauri falle uku ko huɗu, ko siririn katako idan kafinta yana da ragowa. Ƙyallen tsohon bargo ko rigar sanyi. Yadin auduga mara zane, shuɗi ko kore mai duhu, domin farin zare ya fito sosai, ido kuma ya huta. Igiya ko zariya. Wuƙa mai kaifi ko bakin zarto, sanfefa, allura da zare, ƙusa ɗaya, fensir, da farin gam na kafintoci.

A kula da maganar gam. Gam mai wari na masu gyaran takalma da masu faci yana narkar da farin soso da allon magina nan take, haka ma fetur. Farin gam na kafintoci ba ya cin su. Shi kuwa soso mai danƙo, gam ba ya kama shi sosai, sai dai a haɗa shi da tsinke, rigar matashin ta matse shi.

Yadda ake haɗawa

Na farko, a zana da'ira. Faɗin da ya dace da mai farawa shi ne santimita 45, wato kusan kamu ɗaya, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Idan akwai babban faifai ko tire mai wannan faɗi, a kifa shi a kan kwalin a zagaye da fensir. Idan babu, a kafa ƙusa a tsakiya, a ɗaura mata zare mai tsawon santimita 22 da rabi, a ɗaura fensir a ɗaya bakin, a zagaya.

Na biyu, a yanke kwalin falle uku ko huɗu, a manna su da gam. A gitta su, layin wannan ya bi tsaye, na wancan ya bi kwance, don kada gindin ya lanƙwashe. A ɗora dutse ko jarkar ruwa a kai har ya bushe.

Na uku, a yanke soson daidai da gindin. Kaurinsa ya kai santimita 5, wato kamar faɗin yatsu uku, don kada fil ya huda ya taɓa kwali. A yanka a hankali kamar mai yankan burodi. Kada a ɗora wuƙa a wuta don ta yi saurin shiga, hayaƙin soso yana cutar da ƙirji. Idan soson guntu-guntu ne, a sa mafi girma a tsakiya, ƙananan a gefe, yadda mahaɗarsu ba za ta faɗo inda za a fi soka fil ba.

Na huɗu, a sassaƙe gefen. A bar tsakiya a shimfiɗe, faɗin kamar taƙi ɗaya, sannan a riƙa rage kauri zuwa baki har ya rage kamar santimita 2, ya yi kama da bayan kunkuru. Amfanin wannan gangare shi ne kwarkwaro zai riƙa rinjaya ƙasa da nauyinsa, zaren ya miƙe da kansa. A goge da sanfefa har ya yi sumul. A yi wannan aiki a kan buhu, inda babu iska, domin a tattara garin duka.

Na biyar, a manna soson a kan gindin. A shafa gam a ƙasa da kewayen baki kawai. Idan ana jera falle-falle, kada gam ya shiga tsakaninsu ta tsakiya, domin idan ya bushe yana tauri, fil ba zai wuce ba.

Na shida, a shimfiɗa ƙyallen bargo falle ɗaya ko biyu a sama, a ja shi ya kwanta babu tattara, a kama shi a gefe da fil ko ɗinki. Bargon yana rage wa soson ciwo, yana kuma hana ƙarar nan da farin soso ke yi idan an soka shi. Kada a wuce falle biyu, in ba haka ba laushin da muke gudu zai dawo.

Na bakwai, rigar matashi. A wanke yadin tukuna har ya daina zuba, don kada ya rina farin zare. A yanke da'ira mai faɗin santimita 70, a kalmashe bakinta kamar yadda ake yi wa wando don zura zariya. A kifa matashin a tsakiyarta, a ja zariyar da ƙarfi ta ƙasa, a ɗaure. Saman ya miƙe kamar fatar ganga. Da yake zariya ce, duk lokacin da rigar ta yi datti za a iya cirewa a wanke, a kuma juya soson idan ya gaji.

A ƙarshe a kalmashe wasu ƙyallaye biyu masu faɗin hankici daga yadin da ya rage. Ɗaya za a shimfiɗa a ƙarƙashin kwarkwaro lokacin aiki don kada zare ya maƙale a takarda. Ɗayan na rufe aikin ne idan an tashi, musamman da hunturu lokacin da ƙura ke shiga ko'ina.

Matashin dogon leshi

Mai son yin dogon leshi na bakin mayafi za ta ga cewa saƙa tana tahowa wajenta har ta iso bakin matashi, alhali aiki bai ƙare ba. Maganin wannan shi ne matashi mai ɓangarori. A yi gindin mai kusurwa huɗu, a manna dogayen soso biyu a dama da hagu, a bar hanya a tsakiya mai faɗin santimita 15. A yanka soso guda uku masu kusurwa huɗu da za su cika hanyar su matsu sosai, a naɗe kowanne da yadi. Idan saƙa ta iso na kusa da ke, sai ki cire fil daga na can nesa, ki zare shi, ki tura sauran biyun gaba, ki dawo da shi gabanki. Haka za ki yi ta yi ko da leshin zai kai yadi goma. Wanda ya lalace a cikinsu shi kaɗai za a canza.

Wadda ba ta samu soso ba kada ta zauna jira. Kafin a san soso, da busasshiyar ciyawa da garin katako ake cusa matashin. A ɗinka jaka doguwa kamar ganga da yadi mai ƙarfi, a cusa yankakkiyar ciyawa ko garin katako, ana yi ana kirɓawa da taɓarya har ya yi tauri. Sai dai ya bushe sarai kafin a cusa, a kuma nisanta shi da ƙasa saboda gara. Yana da nauyi, amma yana aiki.

Kwarkwaro, fil da zare

Kwarkwaro ba sai an saya ba. A fere sanda mai kaurin fensir da tsawon santimita 10, a yi mata ɗan wuya kusa da kai inda zare zai zauna, a goge ta sumul don kada ta ci zare. Bibbiyu suke aiki, kuma guda 12 zuwa 24 sun isa darasin farko. Fil na teloli ya isa koyo, amma yana tsatsa da damina, tsatsa kuma ba ta fita daga farin zare. Kada a bar shi a jikin saƙa kwanaki da yawa. Idan ciniki ya fara, a nemi na tagulla ko wanda ba ya tsatsa. A fara da zaren auduga mai ɗan kauri. Salon da za mu fara da shi Faransawa suna kiransa da sunan tsumman goge kwano, domin leshin amfanin gida ne, mai ƙwari, mai jure wanki.

Kiyaye lafiya

Wannan sashe muna so kowa ya riƙe shi, har da maza. Soso yana kama wuta da sauri, yana narkewa yana ɗiga, hayaƙinsa baƙi ne mai guba. A inda rumfunan leda da zana suke manne da juna, wuta ɗaya tana iya cinye layi guda. A nisanta matashi da ragowar soso daga murhu, fitilar kananzir, kyandir da maganin sauro na kunnawa. Kada a hura wuta da guntun soso. Garin da aka tara a ƙulle shi a leda a kai wurin zubar da shara, domin yara masu rarrafe suna sa shi a baki, kaji da awaki ma suna ci.

Fil kuwa, yawancin yaranmu ba takalmi suke yawo. A ƙirga fil kafin a fara aiki, a ƙirga bayan an gama. A ɗinka ɗan ƙaramin matashi na soka su, ko a zuba su a gwangwani mai murfi. Maganaɗisun tsohuwar lasifikar rediyo yana tsince na ƙarfe daga cikin rairayi. Idan an tashi, a rufe aikin a rataye shi inda hannun yaro ba zai kai ba. Idan yaro ya haɗiye fil, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa kome, a kai shi asibiti nan take.

A yi saƙa da hasken rana, a inuwa. A ɗora matashin a kan ƙaramar kujera, a ɗan tokare bayansa ya karkato wajenki, don wuya da baya kada su gaji. A wanke hannu kafin a taɓa zare.

Maganar ciniki

Ba za mu ɓoye muku ba, saƙar nan tana da cin lokaci. Mai koyo za ta iya yin awa guda ba ta wuce tsawon yatsa ba, kuma leshin inji yana nan a kasuwa da araha. Saboda haka kada wadda ta ci bashi, ko ta sayar da abincin da aka raba mata, don sayen kayan wannan sana'a. Dalilin da ya sa muka fara da matashin da kusan ba a kashe masa kome ke nan. Ki gwada wata ɗaya ko biyu. Idan hannunki ya karɓa, ki fara da ƙananan abubuwa da ake gamawa da wuri, kamar bakin hular jariri, wuyan riga, ko abin sa alama a littafi. Ki nuna wa teloli da masu haɗa kayan ɗakin amare, ki ji abin da suke so kafin ki yi mai yawa. Idan kuma ba ta karɓe ki ba, ba ki yi asarar kome ba, sai ki miƙa wa wata matashin.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku haɗu biyar-biyar, wuƙa ɗaya da robar gam ɗaya sun ishe ku, wadda ta iya ɗinki ta yi wa sauran riguna, wadda ta iya fira ta yi kwarkwaro. Ku tuna da tsofaffi da masu lalurar ƙafa waɗanda ba sa iya zuwa gona ko itace, wannan aikin zaune ne, za su iya. Kuma matashin soso ba shi da nauyi, duk ranar da aka tashi daga nan zai shiga cikin ƙunshin kaya.

Muna tunatar da ku cewa koyarwar nan kyauta ce, haka ma duk kayan da za a raba. Duk wanda ya nemi kuɗi ko wata alfarma a wurinki kafin ya rubuta sunanki, ki kai ƙara teburin karɓar koke, za a rufa miki asiri. Za a liƙa ranar darasi na gaba a allon sanarwa. Kowace ta zo da matashinta, ko an gama ko ba a gama ba, mu duba tare mu gwada shi da fil. Waɗanda suka iya karatu su karanta wa maƙwabtansu wannan takarda.

Allah ya sa wa hannuwanmu albarka, ya kawo mana zaman lafiya a garuruwanmu, ya mayar da kowa gida lafiya.